Gurabu Talatin Cikin Daɓen Zaure

Allah da Ya ba mu aron Baba Ya karɓi abinSa ran Talata da hantsi, an gama ɗaurin gero ana jidar dammuna. Daga gare Shi muke, gare Shi za mu koma. Na faɗi haka ya fi a ƙirga ina amsa gaisuwa, amma baki ne kawai ke faɗi. Zuciyata ba ta bi bakin ba sai ran bakwai.

Mutane sun zo. Na Galma sunka tako da ƙafa, na Madawa sunka cika babbar mota kamyo guda, na Buza da Babankatami bisa jakkai da raƙuma. Ɗiyarshi da ke aure Keita ta iso an riga an kai shi, ta zube bakin ƙofa sai da anka ɗauke ta. Ni matar ɗanshi ce, ɗan fari, shekara ashirin da ɗoriya ina gidan. Ina zamne tsakanin mata kaina duƙe, amma kunnena Allah bai yi mishi murfi ba. Ta bayan katanga na jiyo wani tsoho na cewa, "Yau kuma wa za mu tambaya iyakar gona?" Wani ya ce, "Ko wanda ya hwara saran rijiyar tsakar gari, shi kaɗai ya riƙe sunanshi." Nan kusa da ni kuwa, cikin matan da anka auro shekarun nan, wata ta raɗa ma wata, "Ai hutu ya samu. Hankalin ya daɗe da riga shi tahiya." Ɗayar ta ce, "Ba shi ne ya hita da sungumi tsakiyar rani za shi shibka ba?" Da sunka ga na ɗaga kai sunka yi shiru.

Ban ce musu komi ba, don ba ƙarya sunka yi ba, ya fita da sungumin. Abin da ba su sani ba, ni ce sanadi. Shi ya sa na zamna in faɗi yadda Baba yake, kada jikokinshi su tashi ba su riƙe komi nashi ba sai labarin sungumi.

Tun ran farko anka so a yi rigima kan kwando. Goggo, ƙanwar Baba, ta shiga zaure ta ga ana shimfiɗa ma maza tabarmi, ga kwando kife kusa da ƙofar da ke shiga cikin gida. Ta ce, "Mi ne wanga? Kaza anka kihe gidan rasuwa?" Ta kai hannu. Na taso daga bayan asabari na ce, "Goggo, don Allah a bar shi." Ta ce, "Ke ɗiyar nan, malamai za su zamna nan!" Maigidana, wanda bai taɓa tsallake maganar Goggo ba, ya ce, "Goggo, a bar mata." Haka anka yi kwana bakwai ana addu'a kewaye da kwando, baƙi na satar kallonshi, kunya ta hana su tambaya.

Dara ce ƙarƙashin kwandon. Wasan da ni da Baba ba mu ƙare ba.

Na san yadda wannan ke faɗa ma kunnen ɗan Adar: suruka da suruki, dara. To ku saurara.

Tun da anka kawo ni gidan, ni da Baba ba mu taɓa haɗa ido ba. In ya shigo in juya ma bango, in na fito shi duƙar da kai. Sunana bai taɓa fita bakinshi ba, nashi kuwa ko mai irin sunan na gani sai in ce "mai sunan Baba". In yana son ya gaya mini abu, katanga yake yi ma magana: "A hwaɗa ma mutanen cikin gida miyar jiya ta yi daɗi, amma yajin tonka ya so ya kashe baƙo." Ni ma in ce ma katangar, "An ji." Shekarar da ɗana na fari ya koma, na daina cin abinci. Kullum da safe sai in iske aduwa ko magariya cikin ganye bisa katanga, in ji muryarshi: "Wani ya yar da wannan bisa hanya. A duba ko akwai mai so." Kwana arba'in wani na yar da aduwa bisa hanyar Baba. Ta ita na koma cin abinci.

Kai gare shi kamar rumbu. In mutum biyu sunka yi jayayyar gona, ba a kai ma kwamanda, zauren Baba ake zuwa. Shi faɗi wanda ya sare dajin, da shekarar, da wanda ya ara ma wa gefe, da inda kalgon da ya bushe yake tsaye. Ya san uwar kowa da uwar uwarta. In an yi mamaki sai ya nuna ƙasa da sandarshi ya ce, "Ga makarantata nan."

Gurabu ne talatin cikin ƙasar zaure, jeri biyar, shida-shida, daf da asabarin ƙofar cikin gida don nan iska ke bi. Kowa da 'ya'ya goma sha biyu. A dasa su ɗai-ɗai, sannan a riƙa matsa su gurbi guda, wanda ya jera uku ya cire ɗa guda na abokin wasanshi. Baba da guntayen kara yake yi. Abokinshi kuwa tsakuwa gare shi cikin 'yar jakar fata, ina jin ƙararsu tun daga bakin hanya. Bafillace ne, muna ce mishi Baffa. Kowace shekara in an kwashe amfani shanunshi gonar Baba suke kwana su bar mata taki, shi kuma kowace la'asar yana zaure har sai ruwa ya sauka sun yi arewa. In ya tafi, Baba shi kaɗai yake dasa ɓangare biyu yana faɗa da kanshi.

Ni ban taɓa ganin wasan da idona ba, amma ina bayan asabari da mazarina ina kaɗi, na ji shi shekara ashirin. Baba ya raɗa ma gefunan suna: wannan Madawa, wancan Buza, can Keita, na huɗu Daji. Sai in ji, "Bahillace, na kore ka Keita, ka gaida duwatsu!" Baffa shi ce, "Kaɗo, yi a hankali, gemunka na sharar gurbi." In Baba ya gina abin da yake kira shiga-da-fita, wato ɗa guda in ya matsa nan ya cika uku, in ya koma can ya cika wasu uku, sai in ji 'yar dariyar nan tashi ta cikin hanci, kamar tari. In ya ci wasa kuwa magana guda ce, ba ta sakewa: "A kawo ma baƙo ruwa, ya sha tahiya!" Ni ke tashi in ɗebo a ƙwaryarshi in turo ta ƙarƙashin asabari. Baffa shi sha yana ƙunƙuni da Fillanci.

Wata rana akuya ta kutsa ta watsa musu wasa tsakiya. Baffa ya ce a sake. Baba ya ce, "Don kana cikin wuta?" Ya maida 'ya'yan duka, kowane inda yake, nashi da na Baffa, har da wanda Baffa ya so ya manta.

Liman ya taɓa ce mishi cikin raha, "Tsoho kamarka tasbaha ta kamace shi." Baba ya ce, "Malam, tasbaha na hannuna tun asuba. Wagga ta la'asar ita ke riƙe mini lissahin waccan. Kaina in ban ba shi aiki ba kwanciya yake yi."

Sau guda Baba da Baffa sunka ɓata. Shekarar da kurkunu ya kwantar da Baba, Baffa ya ji tausai ya sakar mishi wasa. Baba ya gane. Na ji ya share gurabun da tafin hannu ya ce, "Ka gan ni kwance ka ɗauke ni gawa? Tashi ka ba ni wuri." Kwana tara ba su gaisa ba. Ran na goma Baffa ya dawo ya lallasa shi sau biyar a jere ba ko tausai. Baba na kwance da ƙafa kumbure yana dariya, ya ce, "Yawwa. Yanzu ka gaishe ni."

To ga laifina.

Ni ba mai fita ba ce, amma wani rani ciwon kunne ya kai ni dispansar Madawa, munka sauka gidan wani ɗan kasuwa. Na ga zaurenshi da daɓe, sumul, yana ƙyalli kamar bayan tukunya sabuwa. Na ce a raina Baba ya fi mai gidan nan daraja, don mi manyan ƙasa za su zo wurinshi su tashi da ƙasa a riga? Ba da daɗewa ba Baba ya tafi Keita sunan jika, zai yi kwana ashirin. Na gaya ma maigida, ya ce madalla. Shi dama abin na damunshi. Ya taɓa ce mini tsakar gida, da ƙarfi, "Baba ya tsuhwa da wanga wasa, mutane na wucewa suna ganin dattijo duƙe cikin ƙasa." Ashe ran nan Baffa na zaure, ya ji.

Na tara mata goma sha biyu. Munka jido tsakuwa, munka jiƙa bagaruwa, kwana uku muna duka da madaɓi muna waƙa. Da muna sharar farko maƙwabciyata ta nuna gurabun ta ce, "Waɗannan hwa?" Na duba su, sun yi santsi kamar cikin ludayi don shekaru. Na ce, "Ramu ne, ko'ina ana gina su." Da hannuna na cike su. Ban tsaya na tuna daɓe ba ya ginuwa da yatsa ba.

Baba ya dawo ya tsaya bakin zaure ya daɗe. Na ji ya ƙwanƙwasa ƙasa da sanda sau uku. Can ya ce, "A hwaɗa ma mutanen cikin gida an gode. Aiki ya yi kyau." Ni kuwa har rawa na taka cikin ɗaki.

Da la'asar na ji ƙarar tsakuwar Baffa. Na ji ya tuɓe takalmi, abin da bai saba ba. Sunka gaisa, sunka sake gaisawa, shanu, iyali, zafi. Baffa ya ce, "Kaɗo, zaure ya yi kyau." Baba ya ce, "Ya yi." Daga nan ba wanda ya ƙara. Jakar ba a kwance ta ba. Ya zo kwana uku haka, na huɗu bai zo ba. Ruwa ya sauka sunka yi arewa, da kaka ta zagayo kuma shanunshi can wajen Babankatami sunka kwana, gonar wani.

Daga baya na haɗa abin. Baba ya ɗauka ɗanshi ne ya sa anka rufe gurabun don shi daina, kuma uba ba ya zamna ya tuhumi ɗan fari, ko sunanshi ba ya faɗi. In ya fita waje ya gina wasu, ya nuna ma gari ɗanshi ya hana shi ya ƙi ji. Maigida ya ɗauka Baba ne ya bari don kanshi, har yana jin daɗi. Baffa ya haɗa maganar da ya ji da daɓen da ya gani, ya ce an sallame shi, Bafillace kuwa ba ya tambayar dalili. Ni ma kada in wanke kaina: na lura la'asar ta yi shiru. Amma da wane baki suruka za ta tambaya? Kuma mata na zuwa kallon daɓena suna yabo. Mu huɗu, kowa na ganin girman kowa, munka bar tsoho zamne bisa ƙasa mai santsi hannunshi ba abin yi.

Bai faɗi rana guda ba, a hankali ya riƙa zubewa. Ya fara da raka'a, shi sallame a ta uku. Sannan sunayen jikoki. Masu jayayyar gona sunka zo, ya kama zance ya saki, ya sake kamawa daga farko, sunka yi godiya sunka fita suna kallon juna. Sai ya shiga tambayar Inna, matarshi da ta rasu tun kafin Nasara su tafi: "A hwaɗa ma mutanen cikin gida, uwar ɗiyan nan ba ta dawo daga rijiya ba?" In ce ma katanga, "Tana tahe." Ran sungumi kuwa, tsakiyar rani ne, rana na tsaka, masu itace sunka iske shi cikin gona yana sara busasshiyar ƙasa, sunka riƙo hannunshi har gida. Anka yi rubutu, anka yi turare, anka ce tsufa ne.

Wata la'asar cikin bazara ina kaɗi na ji wani ƙaraf-ƙaraf kamar ɓera. Na yi abin da ban taɓa yi ba, na ɗaga karan asabari guda na leƙa. Baba ne duƙe daidai inda gurabun suke dā, yana ƙwaƙular daɓe da farce. Shida, shi koma ƙasa, shida. Farcen ya tsage, jini na bin yatsa, bai sani ba.

Mazarin ya faɗi daga hannuna. Na jira anka kai shi masallaci, na ɗauko dagi.

Maigida ya iske ni ina sara. Ya ce, "Ke! Kin haukace? Daɓen da kinka tara gari kinka yi?"

Na ce, "Ni na yi shi, ni za ni hwasa shi."

Na nuna mishi jinin. Ya zamna bakin ƙofa ya riƙe kai. Can ya ce, "To ko kin gina, wa za shi yi wasan da shi? Sa'o'inshi sun ƙare. Baffa ba mu san inda yake ba. Ni kuwa kin san ba ni iya zama gaba gare shi."

Na ce, "Ni."

"Ke? Suruka? Mi gari za shi ce?"

"Ba shi ganin huskata, ba ni ganin tashi. Hannu kaɗai, ta ƙarƙashin asabari."

"Ke ina kinka iya dara?"

Na ce, "Shekara ashirin kana tsammanin auduga kaɗai nike kaɗawa?"

Na aika ma Baffa ta bakin mata masu tallan nono, sunka ce su Baffa sun riga sun ɗaga, ba a san mashayarsu ba.

Washegari da la'asar na yanka kara goma sha biyu na ajiye gefen Baba, ni kuma na tara ƙwallon aduwa. Na zamna bayan asabari, na naɗe shi kamar taƙi guda, yadda zan ga gurabu da hannunshi kawai. Na miƙa hannu na dasa ɗa guda. Hannunshi bai motsa ba har na yi niyyar janyewa. Sai na ji, "A tambayi mutanen cikin gida, hannun wa ne wanga?"

Na ce ma katanga, "A hwaɗa ma Baba baƙo ne ya zo dara."

Ya ce, "Baƙo da lalle." Ya ɗauki kara. "To. A dasa."

Kwanakin farko ba na son tuna su. Mutumin da ya maida wasan da akuya ta watsa, shi jera huɗu ya ce ya ci. Shi ɗauki aduwata ya matsa. Shi tsaya da kara a hannu ya manta abin da ya ɗauko shi yi. Ina cinye shi ina share hawaye da gefen zane. Sau nawa na ce yau zan sakar mishi ko sau ɗaya shi ji daɗi, sai in tuna shekarar kurkunu. Na ce ba ni zan ɗauke shi gawa ba. Ban taɓa sakar mishi ko ɗa guda ba.

Gari ya yi magana, ta iso ni. Goggo ta aiko a ce mini ko kunya ta ƙare a duniya. Na ce a gaida ta.

Wajen wata guda, ran nan na yi kuskure na tsallake gurbi. Sai na ji tafi bisa ƙasa, fat! "A'a! Wanga ɗa ba nan yake ba. Baƙo ɓarawo ne?" Wallahi ban taɓa jin daɗin zagi irin na ran nan ba. Bayan haka Madawa da Buza da Keita sunka dawo bakinshi. Sallarshi ta koma huɗu. Da damina ta yi tsaka wasu sunka zo da jayayya, don ba su da wani wurin zuwa, ya ce su gina kamu biyu gabas da tushen kalgo za su iske ɓarin dutsin niƙa da kakanninsu sunka binne. Sunka gina, ga shi.

Amma dawowar hankali ba daɗi kaɗai ta kawo ba. Wata la'asar muna tsakar wasa hannunshi ya tsaya. Ya ce, a hankali, "Uwar ɗiyan nan ba rijiya ta tahi ba." Ya ce, "Allah Shi jiƙan ta." Na ga ɗigo biyu sun faɗa cikin gurbi. Ran nan ya sake yin makokinta daga farko, ni na jawo mishi, ban kuma san ko alheri na yi ba.

Ba zan ce dara ta warkar da shi ba. Akwai ranakun da yake tashi sarai, akwai waɗanda yake tambayar ko wane gari ne nan. Kuma cikin wata shida bai ci ni ko sau ɗaya ba. Yana matsowa, yana matsowa, amma ba a sake kiran ruwa a zauren nan ba. Kullum in na kwashe aduwata sai in ce a raina, Baban da na binne cikin daɓe bai fito duka ba.

Ran Litinin ta ƙarshe wasan ya yi tsawo. Ina da biyu a jere gefen Buza, karanshi guda ya toshe gurbin na uku. Ya daɗe bai taɓa komi ba. Sai na ga hannun ya zo ya ɗauke karan nan da ya tsare ni, ya kai shi gefe inda ba ya tsaron komi. Ya buɗe mini ci da hannunshi. Na ji ya yi ɗan tari. Na ce shi ke nan, ya koma. Na kasa miƙa hannu. Ladan ya yi kira, Baba ya ce, "A ruhe shi sai gobe. Kada akuya ta taɓa." Na kifa kwando. Da asuba ya tashi da sanyi a ƙirji, kafin hantsi ya ɗaga ya cika.

Kwana bakwai abin da ke cina ke nan. Ba mutuwar kaɗai ba, kowa zai tafi. Abin da na gani na ƙarshe daga gare shi kuskuren da ko mai koyo ba ya yi. Na ce da ɓatan kai ya tafi, kuma ni na ɓatar da shi. Da matan nan sunka yi raɗa, zuciyata ta ce gaskiyarsu.

Ran bakwai anka yi sadaka, anka watse. Da la'asar ina bayan asabari, don ƙafata ta saba kai ni nan, sai na ji ƙarar tsakuwa cikin jakar fata daga bakin hanya. Baffa ne. Shanu sun gangaro, a kasuwar Madawa ya ji. Ya yi sallama da muryar da ta tsufa. Maigida ya tarbe shi, sunka yi addu'a, sannan maigida ya ce, "Baffa, ka gahwarce mu. Ba korarka munka yi ba." Ya faɗa mishi komi, daɓe da dagi da asabari. Na ga hannun Baffa ya ɗaga kwandon.

Ya ce, "Wa ke da aduwa?"

Na ce, "Ni ce, Baffa."

"Tahiyar wa ce?"

"Tawa." Kuka ya ƙwace mini. "Ka gani, Baffa, ya ɗauke karan da ya tsare ni. Bai san abin da yake yi ba. Haka ya tahi."

Yatsanshi ya riƙa bin gurabu ba ya taɓawa, daga Buza zuwa Keita, daga Keita zuwa Daji, ya dawo. Sai na ji wani sauti ya fito mishi, na ɗauka kuka ne, ashe dariya ce, dariyar kuma ta karye ta zama kukan. "Kaɗo! Mugun Kaɗo! Har yau ba ka bari ba?"

Ya share hanci ya ce, "Ɗiyata, wane ɗa za ki ɗaga ki cika ukunki?"

Na nuna na gefen Keita. Shi kaɗai ke iya shiga.

Ya ce, "To shi ne ya toshe mishi ƙohwa tun ɗazu. Kina ɗaga shi, shiga-da-hita ta buɗe. Ki ci wanga, shi bi ta nan. Ki ci wancan, shi bi ta can. Ƙohwa biyu ya gina, ya yi miki tayin ɗa guda. Da wagga ya kashe ni shekara uku a jere kahin in gane ta. Mai ɓatan kai ba ya ganin tahiya huɗu gaba." Ya nuna karan. "Bai yi dariya ba da ya aje karan? Ta cikin hanci?"

Tarin nan. Shekara ashirin ina jin dariyar nan ta bayan asabari, ran da anka yi ta domina na ce tari ne.

Baffa ya gyara zama, ya koma gefen Baba. Ya ce, "Ci."

Na ce, "Ba ni iyawa."

"Ci, na ce. Kwana bakwai yana jiranki."

Na miƙa hannu na ɗaga na Keita, na cika uku, na cire kara guda. Baffa ya matsa karan Baba, ya cire aduwa. Na matsa, ya komar da shi, ya cire wata. Na nemi toshewa ta kowane gefe, da gaske na nema, ban sakar mishi ba. Ba hanya. Shiga, fita, shiga, fita, aduwata na taruwa gefen tabarmar da ba kowa bisanta, har ya rage mini biyu.

Nan ne wurin maganar Baba. Na ji Baffa ya ja numfashi zai faɗa, ya kasa. Sai daga bakin ƙofa maigida, ɗan farin da bai taɓa zama kallon wasan ubanshi ba, ya ce, "A kawo ma baƙo ruwa. Ya sha tahiya."

Na tashi na ɗauko ƙwaryar Baba, na ɗebo daga randa, na turo ta ƙarƙashin asabari yadda na saba. Baffa ya sa yatsa ya turo mini ita baya. Ya ce, "Ba ni anka kayas ba."

Na ɗauka da hannu biyu na sha har ƙasan ƙwarya.

Allah Ka shayar da Baba ruwan da ya fi wannan sanyi.